Minti Biyu da Rabi: Yadda Ake Haɗa Robot Ɗin Gasa da Ba Zai Watse a Fili Ba

Ga waɗanda data ba ta bari suka saurari shirin wannan makon ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba. Daga birnin Sakkwato nake magana, kuma yau hirarmu a kan robot ce, abin da a labarai ake kira mutum-mutumi, musamman irin wanda ɗalibai ke haɗawa su shiga gasa da shi.

Bari in fara da abin kunyar da ya same mu, don shi ya jawo wannan shirin. Kwanakin baya wasu ƙannena 'yan sakandare su biyar suka roƙe ni in riƙa duba musu aikinsu, za su shiga wata ƙaramar gasa tsakanin makarantu. Aikin shi ne robot ya kwashi ƙwallaye ya kai su wani kwando. Wata biyu yaran nan suna fama, har kuɗin tararsu suke haɗawa suna sayen kaya. Suka yi masa dogon hannu mai yatsu, suka sa masa fitilu, suka shafe shi da fenti kore da fari. A ɗaki yana aiki lafiya lau, kowa ya gani sai ya ce masha Allah.

Ranar gasa, a watan Afrilu, muka bar shi a but ɗin mota tun hantsi har bayan azahar. Aka busa usur, ya ɗauki ƙwallo ɗaya, ya miƙa zai ɗauki na biyu, sai hannun ya ɓalle ya faɗi ƙasa a gaban kowa. Gam ɗin kyandir ɗin da muka liƙa gindin hannun da shi ya yi laushi saboda zafi. Ƙaramin cikinsu har hawaye ya yi. Waɗanda suka ci gasar kuwa, nasu wani akwati ne mai taya huɗu da faranti a gaba, ko fenti babu. Tura ƙwallaye kawai yake yi, amma tun daga zagayen farko har na ƙarshe bai tsaya ba.

Laifin nawa ne, don ni ne babba. Darasin da na ɗauka kuma shi zan shimfiɗa muku yau: a gasa, robot ɗin da yake yin aiki guda sau goma ba tare da ya lalace ba, shi ke tafiya da kofi. Ƙarfin nan kuma tun a takarda ake fara gina shi.

To, wai wace gasa ake magana? Akwai su da yawa. Akwai FIRST Global Challenge, wadda aka fara a birnin Washington na Amurka a watan Yulin 2017, inda ƙasashe sama da 150 suka tura ɗalibai, har da Najeriya. A waccan shekarar aikin shi ne robot ya rarrabe ƙwallaye shuɗi da masu ruwan lemo, a matsayin ruwa mai tsafta da gurɓatacce. Wasunku za su tuna labarin 'yan matan Afghanistan daga birnin Herat da aka hana biza har sau biyu kafin daga baya a bar su su shiga, suka kuma koma gida da lambar azurfa ta jarunta. Daga nan gasar ta zaga Dubai a 2019, Singafo a 2023, da Athens ta Girka a 2024. Akwai World Robot Olympiad da aka fara a 2004. A nan Afirka ta Yamma akwai PARC, wadda Dakta Sidy Ndao ɗan ƙasar Senegal ya assasa. A cikin gida kuma gidauniyar Coderina na shirya gasar FIRST LEGO League ga makarantu. Sannan gwamnati na da cibiyar NCAIR a Abuja ƙarƙashin hukumar NITDA, wadda aka buɗe a 2020 don harkar ƙirƙirarriyar basira da robot.

Kada wani ya ce abin na 'yan Legas ne. A 2022 duniya ta ga Isah Auwal Barde, matashi ɗan shekara 17 a Kano, wanda ya haɗa robot da ke kwaikwayon motsin jikinsa. Mu ma nan muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga makarantun fasaha na Farfaru da Runjin Sambo. Kan da zai yi tunanin akwai shi, hannun da zai ƙera ma akwai.

Abin da ya haɗa yawancin gasannin nan shi ne ƙarancin lokaci. A FIRST Global da FIRST LEGO League, wasa ɗaya minti biyu da rabi ne. A babban rukunin World Robot Olympiad minti biyu ne cif. Ka yi wata uku kana aiki, a yanke maka hukunci cikin lokacin da bai isa mai shayi ya soya maka ƙwai ba. Idan noti ɗaya ya kwance a daƙiƙa ta talatin, babu mai tsayar da agogo dominka.

Saboda haka matakin farko ba a shagon mai walda yake ba. Ku zauna ku karanta dokar gasar daga farko har ƙarshe, kowa da kowa, ba shugaba kaɗai ba. Dokar ce ke faɗin girman da aka yarda. A FIRST Tech Challenge dole robot ya shiga akwati mai inci 18 ta kowace fuska kafin a fara wasa, wato kusan santimita 46. A babban rukunin World Robot Olympiad santimita 25 ne. Idan naka ya wuce da rabin santimita, alƙali ba zai bari ya shiga fili ba, sai ka ga yara na yanke jikin robot da zarto a bakin ƙofa. Ku bar ratar santimita ɗaya ko biyu tun a zane.

Bayan girma, ku duba maki. Ku ɗauki takarda ku jera kowane aiki da makinsa, a gefe ku rubuta daƙiƙa nawa zai ci da kuma wahalar ƙera abin da zai yi shi. Misali, a ce tura ƙwallo cikin raga maki biyu ne kuma yana cin daƙiƙa goma, ɗaga shi a jefa a dogon kwando kuma maki biyar ne amma yana cin daƙiƙa arba'in. A minti biyu mai turawa zai iya haɗa maki 24, mai ɗagawa 15, in ma bai yar da ko ɗaya ba ke nan. Da mun yi wannan ɗan lissafin, da ba mu yi dogon hannu ba tun farko. Ku zaɓi aiki ɗaya da za ku ƙware a kai, in lokaci ya ragu ku ƙara na biyu.

Sai kwali. Kafin ku yanka ƙarfe ko katako, ku haɗa robot ɗin gaba ɗaya da kwalin indomi da salatif, daidai girmansa na gaskiya. Ku sa batir da allon lantarki a inda kuke so su zauna. A nan za ku gane cewa hannu na gogar taya, ko babu ta inda yatsa zai shiga ya canza batir. Kuskure a kwali kyauta ne, a alminiyam kuwa kuɗi ne.

Yanzu mu zo kan gangar jiki, wato firam ɗin da komai ke zaune a kai. Bayan waccan gasar na ɗauki gawar robot ɗinmu na kai wa wani dattijo mai walda a shiyarmu. Ya juya shi a hannu, ya kama kusurwa biyu ya murɗa kaɗan, sai ga firam ɗin ya karkace kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi kaka son abin ga shi ɗauka? Ko kainai bai ɗauke ba." Na ce, "Baba, to mene ne gyaran?" Bai ce komai ba, ya nuna mini ƙofar get da yake haɗawa, da ƙarfen da ya gitta mata daga kusurwar ƙasa zuwa ta sama.

Wannan gittaccen ƙarfen shi ne sirrin. Siffa mai kusurwa huɗu, in ka tura ta daga gefe, tana iya kwantawa ba tare da ko ɗaya daga cikin sandunanta ya lanƙwashe ba, mahaɗan ne kawai ke juyawa. Mai kusurwa uku, wadda a aji ake ce wa alwatika, ba ta iya canza siffa sai in sanda ɗaya ta karye ko ta tanƙware. Shi ya sa in ka ɗaga kai ka kalli ƙarfen sabis na waya, ko ƙarafan rufin babban masallaci, ko firam ɗin keke, alwatika za ka gani a jere. Duk inda firam ɗinku ke da kusurwa huɗu a buɗe, ku gitta masa sanda, ko ku ɗaure masa faffaɗan faranti, ko ku sa ƙananan faranti masu kusurwa uku a kowane lungu. Kowace mahaɗa kuma a ɗaure ta da ƙusa mai noti guda biyu. Guda ɗaya takan zama abin lilo, sandar ta yi ta juyawa a kanta.

Da me za a yi firam ɗin? In gasar ta ba da kayanta, kamar LEGO ko kwalin kayan FIRST Global da ake ba kowace ƙasa iri ɗaya, to da su za ku yi, dabara ce kawai za ta bambanta ku. In an bar ku ku zaɓa, alminiyam ya fi dacewa, don nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Masu haɗa tagogin gilashi na da guntaye da yawa da suke tarawa a gefe. Siririn katakon filawud ma na da kyau wajen yin bene, yana da sauƙin hudawa, kuma wuta ba ta bin sa. Ku lura da siffa kuma: shimfiɗaɗɗen ƙarfe na lanƙwasa cikin sauƙi, amma wanda aka naɗe kamar harafin L ko U, ko bututu mai kusurwa huɗu, ya fi shi tauri nesa ba kusa ba ko da nauyinsu ɗaya. Gwada da takarda: miƙe ta a iska za ta faɗi, ninke ta tsaye ka ga yadda za ta riƙe biro.

Garin nan ba baƙon ƙira ba ne. Maƙera Assada na nan da maƙeranta tun kaka da kakanni, ga makanikan garejin Buzaye, ga masu gyaran waya da rediyo ko'ina. Ku je da zanenku da ladabinku ku tambaya. Mutumin da ya shekara talatin yana ganin inda ƙarfe ke tsagewa zai nuna muku raunin robot ɗinku cikin minti ɗaya.

Maganar noti. Moto na girgiza, girgiza kuma na kwance noti a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Akwai noti mai zoben roba a cikinsa wanda ba ya kwancewa da kansa, ku nema a wurin masu kayan babur. In babu, ku sa noti biyu ku matse su da juna, ko ku sa wosha mai tsaga. Gam kuma, na kyandir ne ko sufa gulu, a bar shi wajen riƙe waya da ado. Duk inda nauyi zai bi, ƙusa da noti.

Sai wurin zaman nauyi. Batir shi ne yawanci abu mafi nauyi, ku sa shi ƙasa ƙasa, a tsakiyar tayoyi. Robot mai nauyi a sama kamar mota ce da aka yi wa lodin albasa har ya wuce kanta, kwana ɗaya ta isa ta kifar da ita. Gwajin ba wuya: ɗora shi a kan allo, ka miƙa hannunsa ɗauke da kaya, ka riƙa ɗaga gefe ɗaya na allon a hankali ka ga inda zai fara tuntsurewa. In da wuri ya tafi, ku faɗaɗa tsakanin tayoyi ko ku sauko da kaya ƙasa.

Tayoyin ma akwai magana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa taya kai tsaye a bakin moto, nauyin robot duka ya hau kan 'yar siririyar sandar moton. In robot ƙarami ne, irin mai ƙananan motoci rawaya ɗin nan na roba, babu laifi. In ya kai kilo uku ko huɗu, ku ba tayar sandarta daban, a tallafe ta da boris ta gefe biyu, moto ya juya ta da giya ko sarƙa. Ta haka ko an yi karo, firam ne zai sha dukan, haƙoran giyar moto su tsira.

Yanzu hannu, inda muka faɗi. Akwai lissafi guda da nake roƙon kowace ƙungiya ta yi kafin ta sayi moto: nauyin kaya sau tsawon hannu. In hannunka santimita 30 ne kuma zai ɗaga rabin kilo, to gindin hannun na buƙatar ƙarfin murɗawa na kilo-santimita 15, ba a ma sa nauyin hannun kansa ba. Ƙaramin moton sabo shuɗi ɗin nan da ake kira SG90 bai kai kilo-santimita 2 ba. Babban yayansa mai giyar ƙarfe, MG996R, yana wajen 10 ne zuwa 11. Ka ga ke nan ko babban bai isa ba, zai yi ta kuka yana zafi har ya ƙone. Amma in ka rage hannun zuwa santimita 15, buƙatar ta koma 7.5. Abin da kowa ya sani ne: bokitin ruwa a jikin ƙafarka ba wuya, miƙe hannu da shi ka ji yadda kafaɗa za ta yi. Shawarata, ku nemi moton da ƙarfinsa ya ninka lissafinku sau biyu, don lambar da ke jikin kwali ita ce iyakar da moton ke tsayawa cak, ba ƙarfin da zai yi ta aiki da shi ba.

In ba ku da babban moto, giya za ta taimaka. Ƙaramar giya mai haƙora 12 a bakin moto tana juya babba mai haƙora 36, ƙarfi ya ninka uku, gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Daidai da direban tifa da ke sa giya ɗaya in zai hau tudu. Wata dabarar kuma ita ce a ɗaura robar ƙwaryar taya ko sifirin a bayan hannun yana ja sama, ya rage wa moto nauyi. Sannan ku sa wani ɗan ƙarfe ko katako da zai tare hannun in ya kai iyakarsa, kada ya wuce ya tsinke wayoyinsa.

Mu shiga wuta. Wallahi da yawan robot ɗin da ke mutuwa a fili jikinsu lafiya ƙalau, waya ɗaya ce ta zare. Yawancinku Arduino za ku yi amfani da shi, ɗan allon nan da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005. Arduino Uno da bolt 5 yake aiki, kuma kowace ƙafarsa wuta kaɗan take iya bayarwa, wajen miliamfiya 20, wadda ta isa ƙaramar fitila amma ba ta isa moto ba. Don haka ake sa wani allo a tsakani, kamar L298N, shi ke karɓar umarni daga Arduino ya ba moto wuta daga batir. Ku sani shi L298N ɗin na cinye wajen bolt 2 a hanya, yana mayar da su zafi. In kun haɗa batir biyu irin 18650, kowane bolt 3.7, jimilla 7.4, abin da zai isa moto bai wuce biyar da ɗoriya ba. Wanda ake kira TB6612FNG ya fi shi tattalin wuta in motocinku ƙanana ne.

Akwai wata cuta da ke rikita masu koyo: robot na tafiya, da ya tura abu mai nauyi sai ya tsaya, ya yi shiru, ya sake farawa daga farko. Sai a yi ta zargin kod. Abin da ke faruwa shi ne moto in ya maƙale yana zuƙar wuta da yawa lokaci guda, ƙarfin batir ya faɗi, Arduino ya ɗauke kamar an ɗauke NEPA, ya tashi ya manta inda yake. Maganin shi ne a raba musu abinci, moto da batirinsa, Arduino da nasa, amma a haɗa wayar nagetif ɗinsu wuri guda, in ba haka ba ba za su ji maganar juna ba.

Batir ɗin kansa, ku yi hattara da na jabu. Na gaskiya irin 18650 yawanci ba ya wuce wajen 3,500 mAh. In ka ga an rubuta 9,900 a jiki, ƙarya ce tsagwaronta. Cikin tsofaffin batiran laftof akan samu masu kyau, amma a bar wa wanda ya iya ya ciro su, a auna kowane da mita. Wanda ya kumbura ko ya fashe a jefar. Kada a yi caji a rana, kada kuma a bar shi a caji a tafi barci, don batirin litiyam na kama wuta.

Wayoyi kuma, allon nan mai ramuka da ake soka waya a ciki na gwaji ne a kan tebur. Ranar gasa a liƙe komai da dalma, ko a sa mahaɗa mai sukuru. Kowace waya a ɗaure ta a jikin firam kusa da inda ta shiga, yadda ko an fizge ta ɗaurin ne zai ji, ba mahaɗar ba. Ja na fozitif, baƙi na nagetif, a manna wa kowace suna da salatif. Makunni kuma a sa shi inda hannu zai kai cikin daƙiƙa ɗaya.

Yanzu ga abin da bidiyon YouTube ba zai gaya muku ba, don masu yin sa ba a Sakkwato suke ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan na haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka sosai. Robar PLA da ake buga kaya da ita a na'urar 3D tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma motar da aka ajiye a rana tana iya kaiwa nan. Batirin litiyam ba a son a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. Don haka robot ya zauna a inuwa, a bar wa allon moto hanyar iska, a kuma bar batir ya huce kafin a sa shi caji.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce. Tana shiga giya, in ta haɗu da giris ta zama kamar yashi tana cin haƙora. Ku rufe giya da murfi, ku rage yawan giris. Tana kwanciya a taya ta sa santsi, robot ya riƙa zamewa yana kauce wa hanya, don haka ku goge tayoyi da ɗanyen tsumma kafin kowane wasa. Sensa mai bin layi kuma, wadda ke gane baƙi da fari, da hasken infrared take aiki, rana kuwa cike take da shi. Abin da kuka saita a ɗaki mai duhu zai haukace a zaure mai manyan tagogi. Ku yi mata 'yar rumfa da baƙin kwali, ku sauke ta kusa da ƙasa, kuma da kun isa wurin gasa ku sake saita ta a kan filin da za a yi wasan.

Sai gwaji, wanda shi ne rabin aikin. Ku sa wa kanku doka: sati biyu kafin gasa an rufe ƙira, babu ƙarin sabon abu. Ku zana filin a ƙasa da alli daidai ma'auninsa, ku kunna agogo, ku yi wasa cikakke sau ashirin. Mutum ɗaya ya riƙe littafi yana rubuta duk abin da ya lalace, da dalili, da gyaran da aka yi. Wasu gasannin ma alƙalai na duba irin wannan littafin su ba da kyauta a kansa. Ku girgiza robot ɗin da hannu ku saurara ko wani abu na ƙara. Ku buga shi da bango da gudunsa. Ku gwada shi da batirin da ya yi rabi. Gara ya karye a tsakar gida, inda akwai sufana da lokaci. Wanda zai tuƙa shi kuma a zaɓe shi da wuri, a ba shi awanni yana koyo, don direban da ya saba da robot mai sauƙi ya fi wanda aka miƙa wa mai wuya daren jiya. Kuma don Allah a zaɓa da agogo. In ƙanwarku ce ta fi kowa maki a gwaji, ita za ta riƙe rimot.

Kada ku manta da hanya. In gasar a Abuja ce, yini guda robot zai yi yana shan girgiza ta Gusau, Funtuwa, Zariya da Kaduna. Ku cire batir, ku kwance hannu in yana kwantuwa, ku sa shi a akwati da soso ta kowane gefe, ya zauna cikin mota tare da ku maimakon but. Ku riƙe jakar gaggawa: moto na safaya, batir mai caji, notina, waya, salatif, abin liƙa dalma, da kod ɗinku a filash da kuma a wayar mutum biyu. Kafin kowane wasa mutum ɗaya ya bi jeri: noti, waya, batir, taya, sensa.

Su ƙannen nawa sun sake haɗa nasu. Gajere ne yanzu, batir a ƙasa, ƙarfe a gicce, faranti a gaba. Fitilun ma sun cire da kansu, suka ce suna cin batir. Ran nan ƙaramin ya kira ni yana cewa, "Yaya, sau ashirin da uku ke nan bai tsaya ba." Na ce su ci gaba da ƙirgawa.

Aikin gida na wannan makon: ku nemo dokar gasa ɗaya, ku jera ayyukanta da makinsu, ku haɗa robot na kwali. Wanda ke da ƙane ko ƙanwa a makarantar fasaha ko ta kimiyya ya tura musu wannan rubutun, malaman kimiyya ma a kai musu. A shiri na gaba za mu zauna a kan kod, yadda ake sa robot ya bi layi ba tare da ya yi ta rawa ba.